Kaset Uku na 'Yan Tsatsa

Kaset uku ne a gabana,
a kan bencin gyaran rediyo, bayan kasuwar Sabon Gari.
Na ɗaya an rubuta masa "Asabar" da jan biro.
Wace Asabar? Allah masani.
Na biyu ba rubutu, sai tabon manja.
Na uku ya taɓa tsinkewa, na haɗe shi da jan farce.

'Yan Tsatsa ke nan, su huɗu.
Ba su iya jita ba, sun kuma san ba su iya ba,
sai suka wasa rashin iyawar ya zama wuƙa.
Waƙarsu ba ta cika minti biyu,
kamar mai tsallaka shataletalen Bata a guje.

Jatau mai walda ya rantse na ɗaya ne auta.
Na ce masa zauna, kasa kunne.
Ji faifan ƙarfen Mati: tas, garau, ba tsaga.
Ai faifan nan ya tsage ne
ranar da ya faɗo daga akori-kura a Fagge,
daga nan har suka watse
kukansa na tsohuwar tasa ne.
To yaya ɗa zai rigayi ubansa?
Jatau ya tsotsi haƙori, ya ce juya ɗaya gefen.

A na biyu ruwan farko na dukan kwano.
Tanimu na tsakiyar zagin mai gidan haya
NEPA ta ɗauke wuta.
Jita ta mutu, jitar Obiora mai kauri ta mutu,
Mati kaɗai ya ci gaba cikin duhu,
shi da ruwa, kowa da nasa kiɗan.
Can ƙasa-ƙasa wata murya na tambayar mai lemo:
"Kana karɓar tsohon kuɗi?"
Na mayar da wurin nan da biro sau bakwai.
Mutumin nan bai zo kafa tarihi ba,
ƙishirwa yake ji,
amma shi ya ba ni shekarar, har da wata.

Na ukun ne ya hana mu shan shayi tare kwana biyu.
Ya fi sauran sauri.
Jatau ya ce fushinsu ne ya nuna.
Na ce batir ne ya yi sanyi lokacin ɗauka,
shi ya sa yanzu Tanimu ke ihu kamar ɗan akuya.
Wani abin da muke kira zuciya
batir ne na kobo ashirin.

Amma ban faɗa wa Jatau komai da komai ba.

Tsakanin waƙa ta biyar da ta shida
mai riƙe da rikodar ya yi tari.
Sau biyu, gajere, sannan ɗaya mai ja.
Na san tarin nan.
Yaya Barau bai fara shi ba
sai da ya shekara a masaƙar Bompai,
auduga ta yi masa gida a ƙirji.
Sai ga muryarsa dab da makirufo:
"Riƙe min, hannuna ya gaji."
Sautin ya karkace, ya sauko ƙasa,
daidai tsayin yaro ɗan sha uku
da ya ce wa Inna ya tafi kallon ƙwallo.

Daga nan duk abin da ke kaset ɗin
daga ƙirjina aka ji shi.

Ina wurin, ke nan. Da kunnena, da silifas ɗina.
Kuma ban san ranar ba.
Na san dai bayan masaƙa ne,
kafin asibitin Murtala.
Tsakaninsu wata goma sha ɗaya.

Jatau ya miƙo biro, ya ce to rubuta wani abu mana.
Na juya kaset ɗin a hannuna.
Wani yaro ya leƙo da rediyon babansa,
ya ce tana kama tasha biyu a lokaci guda.
Na ce ajiye nan, ka dawo bayan la'asar.